Garejin Gida ga Mai Son Mota: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa kwanciya ƙarƙashin mota a gindin darbejiya, rairayi na shiga masa wuyan riga, noti ya suɓuce ya nutse a ƙasa aka yi ta tono har la'asar, ya san abin da ke sa mutum sha'awar gareji a gidansa. Ba garejin neman abinci nake nufi ba, irin na kanikawan bakin tasha. Ina maganar ɗakin mutumin da ke ƙaunar motarsa, wanda in ya samu sarari zai ɗaga bonet ya duba fulogi, ya juye baƙin mai da hannunsa, ya kasa kunne ga inji kamar yadda makiyayi ke sauraron numfashin saniyarsa.

Sau biyu ina gina irin wannan ɗaki a ƙauyenmu da ke gabas da Wudil. Na farko ya matse ni, na biyu ya zauna daidai. Tun daga lokacin 'yan'uwa da abokai ke tare ni da tambayoyi, wani bayan sallar Juma'a, wani a wurin ɗaurin aure, wani ta waya daga Ringim ko Birnin Kudu. Waɗanda suka fi maimaituwa su na tara a nan.

Alhaji, ƙafa nawa zan yanka wa gareji?

Kafin in ba ka lamba, ka fara tambayar kanka: ajiye mota kawai za ka yi, ko aiki za ka riƙa yi a kanta? Ɗakin ajiya na mota ne. Ɗakin aiki kuwa na mutum ne, wanda zai durƙusa gefen taya da sifana, ya jawo jak, ya zagaya gaba ya komo baya ba tare da kafaɗarsa ta gogi bango ba. Yawancin garejin da na gani tun ranar awo suka lalace, domin an auna mota an manta da mai ita.

Ga tsawon motocin da suka cika hanyoyinmu. Golf 3 ƙafa 13 ce da 'yan inci. Fijo 504, wadda a da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, ta kusa ƙafa 15, kuma 406 da Corolla da Sharan duk nan wajen suke. Camry ta doshi 16. Hilux mai ƙofa huɗu ta haura 17. Ta faɗi kuwa, ƙananan motoci ƙafa 5 da rabi ne ko sama kaɗan, Hilux 6, in aka haɗa da madubai ta kusa 7.

Sai ka ɗora naka rabon a kai. Ƙofar mota in an wangale ta tana cin ƙafa 3 zuwa 3 da rabi, kuma kana buƙatar wannan hagu da dama. Kantar jikin bango za ta ci kusan ƙafa 2. A gaba, inda za ka tsaya kana aikin inji, ka bar ƙafa 4, teburin aiki ƙafa 2 da rabi, a baya kuma ƙafa 2 don a buɗe but a rufe get. In ka tara wannan da girman mota za ka tarar da wajen ƙafa 16 faɗi, 24 tsawo. Mai Hilux ya mayar da tsawon 26. In ajiya ce kawai, 12 da 20 ta wadatar. Akwai masu yin 10 da 20, amma a irin wannan sai fasinja ya sauka a waje kafin a shigar da mota.

Ka kuma yi awo da motar da kake fatan saya, ba wadda kake hawa yau kaɗai ba. Mai Golf yau shi ne mai Hilux gobe in Allah Ya buɗa, bango kuwa in ya tashi ba ya matsawa.

Awon nan na ciki ne ko na waje?

Na ciki ne, kuma a nan na sha wuya. A ginina na farko na ce wa magini 12 da 20, na wuce kasuwa. Shi kuma ya ja igiyarsa daga bayan bango zuwa bayan bango. Bulo mai inci 9 ya cinye inci 18 a faɗi, ya cinye 18 a tsawo, filasta ta ɗauki nata. Ranar da na shigar da 406 na tarar faɗin cikin bai cika ƙafa 10 da rabi ba. Ƙofar direba tana dukan bango, sai da na yanka tsohuwar taya na kafa a wurin. In zan cire tayar gaba dole in fito da motar rana, wato abin da na gina ɗakin don in guje masa. Shekara 4 ina haka kafin in mayar da shi ɗakin kayan noma. Maginin bai yi laifi ba, ni ne ban ce masa "ciki da ciki" ba. Ka faɗi kalmar nan da bakinka, ka kuma tsaya a wurin ranar da ake jan igiya.

Ba ni da zanen injiniya. Yaya zan tabbatar awon ya yi kafin a haƙa fandisho?

Motarka ita ce zanen. Ka shigo da ita kan filin, ka tsayar da ita inda kake so ta riƙa kwana. Ka buɗe ƙofofi huɗu da bonet da but. A kawo tabarma ka zauna gefen taya kamar mai kwance noti, ƙafa a miƙe, a kafa turke a bayanka inda ka ji ka sake. Ka ajiye benci a gaba a madadin tebur. Ka turo babur ka ga ko zai wuce. Daga nan a ja igiya a kan turakun, a bi layin da toka.

Kar a haƙa a ranar. Ka yi kwana 3 ko 4 kana shiga kana fita tsakanin igiyoyin, da rana da daddare, da gaba da baya. Gani ya kori ji. In ka ga kana take turke, a matsar da shi tun yana turke.

Ƙwararren magini ya san yadda ake daidaita kusurwa, amma ba laifi kai ma ka sani: a auna ƙafa 3 a igiya ɗaya, ƙafa 4 a ɗayar, tsakanin alamun biyu ya ba da ƙafa 5 cif. Sannan a auna daga wannan kusurwa zuwa wadda ke gicciye da ita, a sake auna ɗaya gicciyen, su zo daidai.

Motoci biyu gare ni. Sai in ninka?

Ƙafa 20 da 20 za ta ɗauki biyu a ajiye, amma ba wurin aiki. Wanda za a sake a ciki 24 da 24 ne, wannan kuwa ya kusa cinye rubu'in fuloti mai 50 da 50. Shawarata: rufaffen ɗaki guda na aiki, sai rumfar kwano a jingine da bangonsa don mota ta biyu. Ya fi araha, kuma rumfar za ta tare wa bangon rana. Babur kuwa ƙafa 7 ne da 3, in zai kwana ciki ka ƙara ƙafa 3 a faɗi.

Tsayin rufi fa?

Ƙafa 10 na bango ya isa aikin yau da kullum. In kana da niyyar cire inji, ko kana son ɗakin ya rage zafi, ka kai 12. Kanikawa reshen mangwaro suke rataya wa sarƙar ɗaga inji, kai kuma sai ka tanadi naka reshen tun ana gini: ginshiƙan kankare biyu da rodi a ciki, ɗaya a kowane gefe, a gitta ƙarfe mai kauri a kansu daidai saman inda bonet zai tsaya. Kar ka kuskura ka rataya inji a katakon rufi. Injin ƙaramar mota ma ya haura kilo 100, tu-bai-fo kuwa kwano aka yi shi ya ɗauka.

Injin ɗaga mota mai ginshiƙi biyu da ake gani a manyan garejin birni yana son rufi mai ƙafa 12 ko fiye, da daɓe mai ƙarfi, da wuta tsayayya. A ƙauye ban ga ya biya kuɗinsa ba.

Bakin get ya zama ƙafa 8 tsayi. In kana da kiya-kiya mai tudu, ko kana ɗora kaya a saman mota, 9.

A wane ɓangare na gida ya kamata ya zauna?

A gaba, kusa da zaure, get ɗinsa na kallon hanya. Gareji majalisa ce ko ka so ko ka ƙi. Ranar da aka ji ana buga guduma, maƙwabci zai leƙo, abokinka mai walda zai tsaya, bakaniken da ka kira ya taya ka sauke giyabos zai zo da yaransa biyu. Bai dace waɗannan su ratsa tsakar gida ba, iyali ma sai su takura. Ka yi ƙaramar ƙofa daga gareji zuwa zaure ko soro, mai sakata ta ciki, kai kaɗai ke bi. Kar tagar gareji ta leƙa tsakar gida, kar kuma ya haɗa bango da ɗakin girki ko ɗakin kwana, saboda hayaƙi da wuta.

Game da fuskar get, kakanninmu sun riga sun yi nazari. Ruwan damina a ƙasarmu daga gabas yake tasowa da iskarsa, shi ya sa bangon gabas ke riga sauran zaizayewa. Ƙurar hunturu daga arewa maso gabas take. Yamma kuma ranar la'asar ce mai dukan ido da gasa ƙarfen get. In fili ya ba ka zaɓi, ka kalli kudu. In hanya ce ta tilasta maka gabas, ka fito da rufi ƙafa 4 ko 5 gaban get ya zama rumfa, ka kuma ɗaga dokin ƙofa kaɗan.

Abu biyu ka nisanta: rijiya, da wayar wuta mai babban ƙarfi da ta ratsa sama.

Lungunmu matsattse ne. Mota za ta iya karyawa ta shiga?

Don mota ta karya kwana ta shiga kai tsaye tana son wajen ƙafa 20 a gaban get. Lungunan ƙauye da yawa 12 ne zuwa 15. Magani biyu ne: a faɗaɗa get daga ƙafa 10 zuwa 12, ko a ja ginin baya ƙafa 4 zuwa 5 cikin filinka, a share kusurwoyin katanga su buɗe kamar bakin mazurari. Na biyun ya fi, domin ganyen get in ya buɗe ba zai tare wa amalanke hanya ba.

Get mai gungurawa gefe yana da kyau a ido, amma a ƙasar rairayi irin ta Gumel da Maigatari layin ƙasansa kullum a cike yake, sai ka share kafin ya motsa. Mai ganye biyu da ƙyaure masu ƙarfi ya fi jure ƙauye. Gangaren shiga kuma kar ya yi tsaye: in daɓe ya ɗara hanya da ƙafa 1, gangaren ya miƙe aƙalla ƙafa 8, in ba haka ba salansa ce za ta riƙa biya.

Kuɗina ba za su kai gini gaba ɗaya ba. Da me zan fara?

Da daɓe, sannan rufi. Bango shi ne na ƙarshe. Mutane sukan yi akasin haka: a tayar da bango har linta, kuɗi su ƙare, gini ya shekara 3 ba rufi ba daɓe, awaki na kwana ciki. Alhali da daɓe da ginshiƙai da kwano ka riga ka samu mafi yawan amfanin gareji: inuwa, da ƙasa mai tauri da jak zai tsaya a kai, da wurin da noti in ya faɗi za ka gan shi. Ka kewaye da zana ko tsohon langalanga, kayan aiki su kwana a akwatin ƙarfe a zaure, ka riƙa sayen bulo bayan kowace kaka. Sannu ba ta hana zuwa. Sharaɗi guda: a haƙa fandisho na cikakken awo tun farko, kar a rage faɗi don a rage kuɗi.

Don ka san inda ka dosa, ɗaki mai 16 da 24 da bango ƙafa 10 zai ci bulo wajen 800 har da na fandisho.

Yaya ake daɓen da zai ɗauki mota?

Daɓen ɗakin kwana daban, na gareji daban. A ɗaki nauyi a baje yake. A gareji kuwa, in ka ɗaga mota, nauyi mai yawa yana taruwa kan gindin jak da bai fi tafin hannu biyu ba. Siririn daɓe a nan yake fashewa.

A fara kwashe baƙar ƙasar sama da saiwoyi. A zuba burji inci 6, a yayyafa ruwa, a daddaɓe, a sake zuba wani, har a kai tsayin da ake so. Wanda ya zuba ciko gaba ɗaya ya daɓe samansa kawai, damina ɗaya za ta nuna masa. A zuba maganin gara, a shimfiɗa leda mai kauri, a ɗora ragar waya ko rodi a kan 'yan duwatsu don ta zauna tsakiyar kankare, ba a ƙasansa ba. Kaurin kankare inci 5 ya yi. Inci 4 shi ne mafi ƙaranci, 6 kuma ga mai babbar mota. Haɗi: buhun siminti 1, kwanon sarki 4 na yashi, 8 na tsakuwa. Yashin kogi mai kaifi, ba lallausan rairayin jigawa ba. A wannan haɗi ɗaki mai 16 da 24 zai ci buhu 28 zuwa 30. Ka tsaya da kanka kana ƙirga kwanuka, ka kuma hana lebura tsuga ruwa don kwaɓi ya yi masa sauƙi, domin yawan ruwa shi ke kashe ƙarfin kankare.

A karkatar da daɓen zuwa get, inci 1 a kowace ƙafa 8, don ruwan wanki ya fita da kansa. A goge shi ya yi sumul amma kar ya yi santsin gilashi, saboda ranar da mai ya zube. Tayil ba na gareji ba ne. Bayan an gama a rufe da buhuna ko ciyawa, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma kwana 7. Kankare sai ya kwana 28 yake cika ƙarfinsa, don haka ka yi haƙuri da shigar da mota.

Garinmu ruwa na kwanciya. Akwai abin da zan yi daban?

Mutanen kwarin Haɗeja, irin su Auyo da Kafin Hausa da Miga da Ringim, ba sa buƙatar a tuna musu ambaliyar 2020 da ta 2022. Ka nemi dattijon unguwa ya nuna maka a jikin bishiya ko tsohon bango inda ruwa ya taɓa kaiwa, ka ɗaga daɓenka ƙafa 1 sama da nan in hali ya yi. Soket da kantar kayan wuta su haura ƙugu. A ƙasar laka mai tsagewa da rani ta kumbura da damina, a zurfafa fandisho a ɗaure shi da rodi. Kar a haƙa rami.

To ramin gyara fa? Na ga kowane bakanike na son sa.

Yana da daɗin aiki, ba musu. Juye mai, duba salansa, sauke giyabos, duk a tsaye. Awonsa faɗi ƙafa 2 da rabi zuwa 3, zurfi wajen ƙafa 5 gwargwadon tsayinka, da matakala a ƙarshen da mota ba ta rufewa. Amma ni ban yi shi a ginina na biyu ba, kuma ina da dalilai. Tururin fetur ya fi iska nauyi, rami yake gangarawa ya kwanta, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Da damina rami kan tsatso ruwa. Wuri ne mai sanyi da duhu, kunama da maciji suna son sa. Babban dalilina kuwa yara: gidan ƙauye ba ya rabuwa da 'yan dagwai-dagwai masu bin ƙafar babansu.

Abin da na yi a madadinsa shi ne tudun hawa a waje, layi biyu na kankare da mota ke hawa a shiga ƙarƙashinta a sarari. In ka nace sai rami, a yi masa bangon bulo cike da kankare, da murfin katako mai kauri da ke zama cikin gurbi, a mayar da shi duk lokacin da aka fito.

Tunda muna maganar shiga ƙarƙashin mota: jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Ka sayi ƙafafun ƙarfe na tokare mota, ko ka tanadi kututture mai faɗi. Kar ka tokare da bulo. Bulo ba ya gargaɗi, rugujewa yake yi lokaci guda.

Ginin ƙasa zai yi, ko dole sai bulo?

Zai yi, ya ma fi sanyi da bazara. Matsalarsa rufi ce: azara ba ta tsallaka faɗi mai yawa sai da bakan gizo, magina masu wannan fasaha kuma sun yi ƙaranci. Sai a yi bangon tubali a kan fandishon bulo da ya ɗaga ƙafa 2 daga ƙasa, a rufa da kwano mai dogon baki da zai kare bangon daga ruwa. Gefen get dai ginshiƙan kankare ne dole, domin ƙasa ba ta riƙe ƙyauren ƙarfe.

Ko wane iri ka yi, a ɗaure katakon rufi da rodi ko waya da aka binne cikin bango. Iskar farkon damina kowace shekara sai ta yaye rufin da ƙusa kaɗai ke riƙe da shi.

Zafi da ƙura, wanne zan tare? In na buɗe ƙura, in na rufe zafi.

A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin kwano marar silin kuwa sifana ma ba ta taɓuwa. Iska mai zafi sama take hawa, don haka a bar mata mafita can ƙarƙashin rufi: jerin bulo mai huda a bangon kudu da na yamma, da raga a jiki saboda tsuntsaye da jemagu. Tagogi na ƙasa su zama masu rufuwa ruf, a buɗe da bazara a rufe da hunturu. Bangon arewa da na gabas a rage musu ƙofofi. Silin yana taimakawa ƙwarai, ko da na tabarma ne. Bishiya a yamma da gini alheri ce, amma ta yi nisan da saiwarta ba za ta ɗaga daɓe ba.

In ka buɗe inji da hunturu, ka rufe shi da tsumma mai tsabta ko leda duk lokacin da ka ɗaga hannu. Ƙurar da ke shiga silinda tamkar yashi ce a tuwo.

Mafitar iska ba don zafi kaɗai ba ce. Hayaƙin salansa da na janareta suna ɗauke da guba marar launi marar wari da ke sa mutum barcin da ba ya tashi. Kar ka tayar da inji get a rufe, ko na minti biyu ne, ko da sanyin asuba. Janareta kuma waje, nesa da taga.

Ba mu da wuta tsayayya. Me zan tanada?

Haske dai sola ta gama magana: faranti ɗaya ko biyu, batir, da ƙwayayen LED. Kar ka sa ƙwai ɗaya a tsakiyar rufi, domin mota za ta tare shi, bonet in ya ɗaga ya jefa inji cikin duhu. A jera su a bangon hagu da dama, biyu a saman tebur, sai fitilar hannu mai caji. Farin fenti a bango yana ƙara haske ba da ko sisin wuta ba. Injin walda da babban injin iska sun fi ƙarfin ƙaramar sola, sai janareta ko ranar da KEDCO ta kawo. A binne bututun waya tun ana gini, soket 3 ko 4 a tsayin tebur. In kana cajin batir, ka yi shi kusa da taga, domin yana fitar da iska mai kama wuta.

Wane irin tebur, kuma ina zan jera kaya?

Tebur ɗaya mai nauyi, tsayi ƙafa 3, a kafe shi a bango, da bayis, wato ƙarfen da ke matse abin da ake aiki a kai, a kusurwarsa. Mai walda na garinku zai haɗa maka ƙafafun. A samansa a kafa allon katako, a buga ƙusoshi, kowace sifana da filaya da sukudireba a zana siffarta da fenti a inda take rataye. Da kallo ɗaya za ka san sifana lamba 10 ba ta dawo daga aro ba, ita ce kuwa ta fi ɓata. Gwangwanayen madara su ɗauki notuna. Kayan aiki kuwa, in ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ka sayi kaɗan masu kyau. Araha ba ta ado, sifana mai taushi kan noti take cinyewa ta bar ka da aiki biyu.

Ka bar wurin benci da buta da shimfiɗar sallaya kusa da get. Aikin mota yana cinye yini.

Gidan mai na da nisa da mu. Zan iya ajiye jarkokin fetur a ciki?

Na san dalilin tambayar, amma ina roƙonka kar ka haɗa fetur da wurin da ake walda da gurza ƙarfe da cajin batir. Mu a wannan yanki mun ga abin da fetur ke yi: gobarar tankar mai a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, a watan Oktoba na 2024, ta ci rayuka fiye da 150. Allah Ya jiƙansu. In ajiyar ta zama dole, a yi mata ɗan ƙaramin ɗaki daban a inuwa, mai iska, da kwaɗo, nesa da madafa, kuma kar ta wuce ta 'yan kwanaki. A gareji, bakin get, a ajiye bokitin yashi biyu da tukunyar kashe gobara mai hoda. Wutar fetur ba a zuba mata ruwa, ɗaukarta yake yi ya baza.

Yaya, da kaka uwargida kan ce a zuba buhunan gero da gyaɗa a gareji tunda akwai wuri. Da matsala?

Da ita. Inda hatsi ya shiga ɓera zai bi, ɓera kuma in ya ƙoshi sai ya hau inji mai ɗumi ya yi sheƙa, ya gwaguye wayoyi. Motocin yanzu masu kwamfuta waya ɗaya in ta yanke sai an kwana ana nema. Ga shi kuma abinci yana ɗaukar warin mai. Amma ita ma tana da gaskiya, amfanin gona na buƙatar wuri. Ka yi lissafinsa tun ranar awo: ɗan sito daban mai ƙofarsa, ko da ƙafa 6 da 8 ne. In ba ka yi ba, garejin ne zai zama sito. Ƙasan get kuma kar ya bar tazarar da ɓera ko kaza za su kutsa.

Baƙin man da na juye fa?

A tara shi a duro mai murfi, akwai masu saye. Kar a zuba a ƙasa ko lambatu, domin rijiyoyinmu ba su da zurfi, ƙasarmu kuma tana tsotsewa. Ruwan lagireto mai launi yana da zaƙi-zaƙi kuma guba ne, yaro ko akuya na iya sha. Shi da man birki da ruwan batir su hau kanta ta sama.

Sai na nemi izini?

A ƙauye ka fara da maƙwabta da mai unguwa, a ga iyaka ido da ido kafin a kafa turke, kar ka ci hanya ko taƙi ɗaya. In kana bakin babban titi, ka tambayi sashen ayyuka na ƙaramar hukuma tazarar da ake bari. Wuraren da birnin Kano ya cim musu, kamar gefen Kumbotso da Ungogo, izinin gini na hannun KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano.

Wane lokaci ya fi dacewa a fara?

Bayan kaka. Amfanin gona ya shigo, leburori sun samu sarari, motar yashi na iya shiga gari ba ta kafe ba. Ka yi gwajin turaku da igiya a Oktoba, lokacin da ƙasa ke nuna inda ruwa ya bi da inda ya kwanta. Fandisho da daɓe a Nuwamba ko Disamba, amma ka tuna iskar hunturu tana busar da kankare tun bai kama ba, sai an ninka ba shi ruwa, a kuma zuba shi da sassafe. Ka tanadi duro 3 ko 4 cike tun jajibiri, kar aiki ya tsaya ana jiran 'yan garuwa. Rufi kuma a gama ɗaure shi kafin ƙarshen Afrilu, tun hadarin farko bai taso daga gabas ba.